Tsakanin Harbi da Harbi: Tarihin Ɗurin Bindiga a Ƙasar Dagwamba

Duk wanda ya taɓa zama a Kukuo, unguwar nan ta Tamale da ke daura da babban asibitin koyarwa, wadda aka sani da mata masu ginin tukwane, ya san ƙarar da ke tashi ranar da ake rufe makokin wani dattijo ko basarake. Ƙara ce mai nauyi. Dum take yi, ƙasa ta amsa, tantabaru su watse daga kan kwanon rufi, farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, warin albarushi ya bi iska har cikin ɗakuna. Yara sukan toshe kunne suna dariya, baƙo kuwa sai ya zabura. Ni dai abin da ya fi riƙe mini hankali shi ne shirun da ke biyo baya. Mai bindigar zai ja gefe, ya kafa gindinta a ƙasa, ya jingina dogon bakinta a jikinsa, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya cusa tsumma ko ɓawon itace, ya zaro sandar ƙarfe ya yi ta dannawa har sai ya ji ta zauna. Kafin ya gama, makaɗa sun canza kiɗa, mai tallan ruwa ta wuce ta dawo.

Wannan ɗan lokacin da ke tsakanin harbi da harbi, shi ne ya yanke wa ƙasar Dagwamba hukunci shekaru ɗari da wani abu da suka wuce. Bahaushe ya gane muhimmancinsa tun tuni, shi ya sa a cikin sunayen da ya raɗa wa irin wannan bindiga, bayan adaka da bindigar toka, har da harba-ka-ruga. Sunan bayani ne cikakke: ka harba sau ɗaya, abin da ke hannunka ya koma sanda, sai ka nemi inda za ka tsaya ka sake ɗuri.

Bindigar ta shigo wannan yanki ne daga bakin teku. Turawa suna danganta ta da mutanen Denmark, waɗanda ke da gidan ciniki a Osu, cikin Akra ta yau, ko da yake yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su. Masanin tarihin nan ɗan Najeriya, Joseph Inikori, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogin da ake saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma sun haura dubu 280 a kowace shekara. Da mutane ake biyan kuɗin mafi yawansu. Tonawa, wato mutanen Asante, su ne suka tsaya tsakanin teku da arewa, kuma sun san darajar abin da ke hannunsu: goro ya wuce Salaga ya tafi Kano da Katsina, amma bindiga da albarushi sai da yardar Kumasi.

A tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Na Gariba, rundunar Asante ta iso Dagwamba. Labarin baka ya ce an kama sarkin, aka fanshe shi da alƙawarin biyan bayi duk shekara. Daga wannan hulɗa ne aka sami rukunin mayaƙan da ake kira kambonsi, kalmar da a harshen Dagbani take nufin Tonawa, take kuma nufin 'yan bindiga. Har gobe in ka saurari sunaye da muƙamansu za ka ji ƙamshin harshen Akan, haka ma kugen ƙarfen da suke kaɗawa in za su fita. Jarumin cikinsu sapashini ake ce masa, bindigarsa kuma malifa. Yariman Dagwamba doki yake hawa, da mashi da takobi. Bindiga aikin masu tafiya a ƙasa ce. Wannan bai bambanta da yadda abin yake a ƙasar Hausa ba. Tarihin Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki, kuma a masarautunmu bayin sarki aka saba damƙa wa wannan makami, barade suna ganin bai kai darajar doki ba.

Ba zan ɓoye ba, bindigar kambonsi ba don kare gida kaɗai ta yi aiki ba. Bashin da ake biyan Kumasi, daga ƙauyukan Konkomba da Gurunsi da sauran maƙwabta marasa sarki mai ƙarfi ake tattaro shi. Tabon wannan zamani bai gama warkewa ba, kuma zai sake buɗewa a gaba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wahalar ɗurin. Bindigar doguwa ce, ta baki ake ciyar da ita, don haka dole mutum ya miƙe tsaye, ƙirjinsa a buɗe ga abokin gaba. Ƙanƙarar da ke kan kunama takan dakushe ta ƙi ba da wuta. In damina ce albarushi ya sha sanyi, sai a ja kunama a ji shiru. Albarushin ciniki ba shi da ƙarfi, sai a riƙa ƙara masa yawa, ƙarfen kuma mai araha ne, wani lokaci ya fashe ya tafi da yatsun mai shi. Saboda haka da yawa ba sa kai ta kafaɗa su auna, daga ƙugu suke saki. Harsashin ma ba lallai dalma ba ce, guntayen ƙarfe ne ko tsakuwa. Sojan Turai da aka horar, wanda aka ƙunshe masa albarushi da dalma cikin takarda ɗaya, yakan yi harbi uku a minti. Wanda ke awo da tafin hannu, in ya sami ɗaya a minti ya yi ƙoƙari. Maƙeran Dagwamba, waɗanda ake kira machelnima, sunan da kunnen Bahaushe zai ji kamar ya san shi, su suka riƙe wannan makami da rai: su gyara kunama, su sake ƙota, su ɗaure bakin da ya tsage. Sun ƙware matuƙa. Sai dai gwanintar maƙeri ba ta iya rage tsawon wancan shiru.

A can Turai kuwa, ƙarni na 19 gaba ɗayansa kan rage shi aka ƙare. Aka fara da 'yar hular tagulla mai kama wuta, wadda ta kori ƙanƙara. A 1841 sojojin Prussia suka karɓi bindigar Dreyse, wadda ta baya ake ɗura ta. Daga nan aka haɗa albarushi da dalma da abin kunna wuta cikin kwanson tagulla guda, ruwa ba ya shiga, awo ya ƙare. A 1871 'yan'uwan nan biyu, Paul da Wilhelm Mauser, suka ba Jamus bindigar da soja zai ja sakata, ya jefa harsashi ɗaya, ya rufe, ya harba, kusan sau goma a minti, yana durƙushe ko yana kwance. A 1879 James Paris Lee ya yi rajistar gidan harsashi, akwatin ƙarfe mai maɓalli a ciki da ke turo harsashi sama ɗaya bayan ɗaya. A 1884 Hiram Maxim ya fito da bindiga mai jigida, a shekarar ce kuma Paul Vieille a Faransa ya haɗa albarushin da ba ya hayaƙi. Cikin rayuwar mutum ɗaya aka tashi daga harbi uku a minti zuwa ɗari biyar.

Turawa sun san abin da suka mallaka, suka kuma yi masa shinge. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigar zamani a faɗin yankin da ya haɗa da duk ƙasashenmu, aka bar musu mai ƙanƙara da albarushin ciniki. An ce don a kashe cinikin bayi ne. Ko mene ne nufin, sakamakon a fili yake: lokacin da ake shirin raba ƙasa, an tabbatar ɓangare ɗaya ya tsaya a ƙarni na 18. Gaskiya ne bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 takunkumin Asante ya sassauta, makamai suka riƙa haurowa ta kogin Volta, mayaƙa irin su Babatu na Zabarmawa, wanda kabarinsa ke Yendi, babban birnin Dagwamba, suka ci moriyar hakan. Wani mayaƙin, Samori, shi ma ya sami bindigogi masu ɗurin baya, har maƙeransa suka koyi kwaikwayonsu. Amma rundunar Ya-Na, sarkin Dagwamba, ta ci gaba da dogaro da tsohuwar malifa.

A ƙarshen 1896 wata tawagar Jamusawa ta taso daga Kete-Krachi ta nufi Sansanne Mango, tana tseren riga Faransa da Ingila kafa tuta. Dakta Hans Gruner ne jagora, Laftanar Valentin von Massow ke riƙe da sojoji. Turawa huɗu ne kacal, sojojin ba su cika ɗari ba, sai 'yan dako fiye da ɗari biyu, wasunsu riƙe da bindiga. Suka ƙone Bimbila, suka doshi Yendi. Ya-Na Andani, wanda tsufa ya riga ya kama shi, ya ƙi ba su hanya. Ranar 4 ga Disamba aka haɗu a Adibo, ƙauyen da ke kudu da Yendi kaɗan.

Dagwamba sun fito da dubban mutane: mahaya, 'yan baka, da kambonsi cikin rigunan yaƙi da layu suka rufe. Shugabansu, Kambon-Nakpema Ziblim, sunansa na nan a bakin makaɗa har yau. Labarin baka ya ce an raina baƙon, ana cewa Bature daga ruwa ya fito, kifi ne, da hannu za a kamo shi a kai wa sarki. Ban ga abin zargi a wannan ba. Mutanen da ba su taɓa ganin bindigar da ke magana sau goma kafin tasu ta yi sau ɗaya ba, da me za su auna ta? Duk yaƙin da suka sani, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: a saki wuta sau ɗaya, hayaƙi ya rufe, mahaya su afka kafin abokin gaba ya sake ɗuri.

Jamusawa suka tsaya wuri ɗaya, suka yi sahu mai fuska huɗu, kaya da 'yan dako a tsakiya. Bindigarsu tana kai wa inda malifa ba ta isa, don haka tun kafin kambonsi su matso inda harbinsu zai yi tasiri aka fara zubar da su. Waɗanda suka iso suka saki wuta, sannan suka tsaya cik, kamar yadda sana'arsu ta tilasta musu, suna awo, suna cusawa, suna dannawa. A wannan tsayuwar aka kashe da yawansu. Ba su gudu ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ke nan. Sun yi ta komowa har shugabansu ya faɗi. Ƙidayar Jamusawa ta ce gawarwakin Dagwamba sun haura 400, su kuwa mutane ƙalilan suka rasa, cikinsu har da Bature ɗaya mai suna Heitmann, wanda raunin da ya samu ya kashe shi daga baya. Aka fitar da Ya-Na daga gari, Jamusawa suka shiga Yendi suka sa mata wuta, suka wuce.

Akwai abin da ke ci mini rai duk lokacin da na zo nan. Yatsun da suka ja kunamar Mauser a Adibo na baƙar fata ne, kuma rundunar 'yan sandan Jamus ta Togo tun kafuwarta a 1885 da Hausawa aka fara gina ta. Haka Ingilishi suka yi tun daga dakarun wani Bature mai suna Glover a Legas a 1863, har sunan Hausa ya zama sunan sojan Bature a bakin teku, ko mutum Bahaushe ne ko ba shi ba. Da yawansu bayi ne da suka tsere, soja ya zame musu mafaka. Shekara shida da 'yan watanni bayan Adibo, irin wannan wuta ta ci mu a gida: Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan Burmi a watan Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Malam Umaru, Bakanon da ya zauna a Salaga da Kete-Krachi, ya ga wannan zamani da idonsa, ya kuma rubuta shi cikin waƙoƙinsa na zuwan Nasara.

A 1899 Ingila da Jamus suka tsaga Dagwamba biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus, yamma ta zama ta Ingila. A 1907 Ingilishi suka ɗauke hedikwatar arewa daga Gambaga suka dawo da ita Tamale, abin da ya mai da tarin ƙauyuka birni, ƙauyukan gefe irin su Kukuo kuma suka zama unguwanni a hankali. Daga nan 'ya'yan arewa suka shiga cika rundunar Gold Coast, inda da Hausa ake ba da umarni.

A hannun waɗannan sojoji ne kayan ɗuri na zamani suka fara shigowa ƙasar. Gidan harsashi ya kawo sabuwar matsala: in ya ƙare, cika shi ɗaya-ɗaya da yatsa yana cin lokaci, shirun da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Mannlicher a Ostiriya da Mauser a Jamus suka warware ta da ɗan siririn ƙarfe mai riƙe harsashi biyar a jere. Ingilishi sun yi jinkirin karɓarsa, sai da Turawan Boer suka koya musu darasi a Afirka ta Kudu tsakanin 1899 da 1902. Bayan nan aka gyara bindigarsu Lee-Enfield, aka yi mata gurbin da ɗan ƙarfen zai zauna daram a kai, babban yatsa ya tura biyar, a sake tura biyar, gida ya cika da goma. Gurbin shi ne sirrin. In ɗan ƙarfen yana rawa, harsasai sai su karkace su cije. Sojan Ingila kafin 1914 ana bukatar ya yi harbi goma sha biyar a minti, kowanne da awo. A watan Agusta na shekarar, wani sojan rundunar Gold Coast mai suna Alhaji Grunshi ya harba harsashin da ake ɗauka shi ne na farko da sojan Birtaniya ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a kan hanyar Lome. Sunansa kaɗai ya isa ya nuna daga inda ya fito: daga mutanen da aka daɗe ana farauta da malifa. Cikin makonni uku Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina, Yendi ta koma hannun Ingila, daga baya Dagwamba ta sake haɗewa. Barikin soja na Tamale sunan Kamina yake ɗauke da shi har yanzu.

Bindiga mai jigida kuwa ta kai al'amarin inda hannu ya gaza gaba ɗaya. Jigidar Maxim da ta Vickers zane ce mai kauri, mai aljihu 250, kuma bindigar tana iya lashe ta cikin rabin minti. Cika ta da hannu aiki ne mai kumbura yatsa, harsashi ɗaya kuma in bai shiga daidai da 'yan'uwansa ba sai bindiga ta sarƙe a lokacin da aka fi bukatarta. Sai aka ƙera na'urar cika jigida, mai mazubi a sama da marfin juyawa a gefe. Sharaɗinta ɗaya ne: a ɗaure ta tamau a bakin tebur ko akwati mai nauyi, don in ta motsa, layin ya lalace. Ka duba nisan tafiyar. Bakambonse yana kafa gindin bindigarsa a ƙasa a gaban maƙiyi, yana ɗuri da ransa a hannu. Sojan zamani an ɗauke masa ɗurin an kai bayan fage, wani yana zaune a inuwa yana juya ƙarfe. 'Yan arewacin Gold Coast da suka yi yaƙi a Habasha a 1941, da waɗanda aka kai dajin Burma cikin runduna ta 81 da ta 82, sun dawo sun san bindigar Bren da gidanta mai cin talatin kamar yadda kakanninsu suka san ƙanƙara.

Talaka dai dokar mulkin mallaka ta bar shi da adakarsa, da lasisi, don farauta da korar birai daga gona da kuma biki. A nan ta sami sabon matsayi. Ta zama murya: ita ke sanar da mutuwar babba, ita ke raka sarki ranar Damba a watan da muke kira Gani, ita ke tashi daren Bugum, bikin wuta na watan Cika-ciki. Jinkirinta bai dami kowa ba a wannan fage, domin babu mai jiran ta a ɗaya gefen.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da na ji daɗi. A farkon 1994 gardama kan kuɗin zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbila, ta tona tsohuwar gaba kan ƙasa da sarauta tsakanin Konkomba a gefe guda, da Nanumba da Dagwamba da Gwanja a ɗaya gefen. Wannan karon akwai AK-47 a hannun farar hula, mai gida mai cin talatin, wadda yaro zai iya sauya mata gida cikin daƙiƙu. Alƙaluman hukuma sun ce mutum kusan 2,000 suka mutu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone, sai a 1996 aka sa hannu kan sulhu a Kumasi. A watan Maris 2002 kuma rikicin gidajen sarautar Dagwamba biyu, gidan Abudu da gidan Andani, ya fashe a Yendi, kan batun bikin Bugum, aka kwana uku ana wuta a kewayen fadar Gbewaa. Ranar 27 ga watan aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu da mutane da dama. Tamale ta daɗe cikin dokar hana fita, mutanen Kukuo da Aboabo da Sabonjida suna shiga gida tun kafin dare ya yi nisa. A ganina, cikin abubuwan da suka sa waɗannan rigingimu suka yi muni haka har da ɓacewar wancan shiru. Dā, bayan harbin farko akwai minti guda da zuciya za ta iya sanyi, dattijo ya shiga tsakani, mai rauni ya ja jiki. Gida mai cin talatin bai bar wannan minti ba. Ghana ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai da doka a 2007, shekara guda bayan yarjejeniyar ECOWAS kan batun, kuma har yanzu tana fama da masu shigo da bindigar zamani cikin taron biki, inda harsashi na gaske ke tashi sama ya sauko kan wanda tsautsayi ya rutsa da shi.

Shekara goma sha bakwai Dagwamba ta yi ba Ya-Na. Kwamitin manyan sarakuna uku, ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu, tare da Nayiri na Mamprusi da Yagbonwura na Gwanja, shi ya shimfiɗa hanyar fita: a yi makokin sarakuna biyu da aka daɗe ba a yi ba. A watan Disamba 2018 aka yi na Mahamadu Abdulai, a watan Janairu 2019 aka yi na Yakubu Andani, sojoji da 'yan sanda sun kewaye Yendi. Kambonsi suka zo daga garuruwa da ƙauyuka cikin rigunan layu, kuge na tashi, suka zagaya fada suna sakin albarushi, kowa ya harba ya ja gefe ya kafa gindin malifarsa a ƙasa. A cikin watan ne aka naɗa sarkin Savelugu, Abukari Mahama, ya zama Ya-Na, ya kuma ɗauki sunan Gariba na Biyu.